Ga mai son tayar da HJ60 ɗin mahaifinsa

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya jiƙan Baba, ya sa aljanna ce makomarsa. Ka ce Land Cruiser HJ60 ya bari, shekara bakwai tana ajiye a gindin darbejiya a Garwa, nan arewacin Kamaru, kana so ka tayar da ita ka riƙa shiga daji wajen Poli da Rai Buba, kuma abokai sun ce ka ɗaga ta sama, ka sa mata manyan tayoyi, ka ɗora wa injin turbo, na'urar da ke cusa masa iska don ya ƙara ƙarfi. Irin wannan mota nake hawa yau shekara 14, ina kai kaya ƙauyuka damina da rani. Shawarata ita ce ka maido da ita yadda kamfani ya ƙera ta tukuna, ado ya biyo baya.

Tun kafin ka saya mata ko kusa ɗaya, ka shiga ƙarƙashinta da guduma da tocila. Ka bi shasi kana ƙwanƙwasawa, musamman ta baya da wuraren da sifirin ke rataye, ka duba gefen akwatin sitiyari ko akwai tsagewa. Ƙarfe mai lafiya amo yake yi, wanda tsatsa ta ci ta ciki kuwa sai ka ji sautinsa a mace. Motar da ta yi rayuwarta a nan arewa ba ta cika ruɓewa ba saboda bushewar ƙasarmu, amma wadda aka shigo da ita daga Turai ta Duwala ko Kwatano ta sha gishirin da suke zubawa a titi lokacin ƙanƙara. Ka kuma gwada lambar shasi da ta kartagiris, wato takardar rajistar motar, su zo ɗaya.

Don Allah kada ka kawo batir ka murza makulli don kawai ka ji kukanta. Injin da ya yi shekara bakwai a kwance ya bushe ta ciki. A zubar da tsohon gazuwal, wato man dizal, a wanke tanki, a canza baƙin mai da matatu, a kwance hita guda shida masu ɗumama silinda kafin tayarwa, a ɗiga ɗan mai a kowane rami, a bar shi ya kwana biyu, sannan a juya injin da hannu. In ya juya sumul, to ka gode wa Allah. Ka duba kuma ko wutarta volt 12 ce ko 24, domin akwai kowanne, kar a ƙona maka kaya.

Injin da ke cikinta 2H ne, silinda shida, lita 4. Toyota ta fara fitar da wannan samfurin na 60 a 1980. Injin ba shi da gudu, amma yana da haƙuri irin na jaki, kuma ba shi da bel na tayimin da zai tsinke maka a hanya, haƙoran ƙarfe ne ke juya shi. Akwai wani ɗan moto na lantarki a gefen famfon mai da ake kira EDIC, wanda ke kashe injin in bai ji ƙarfin baƙin mai ya hau ba. In ka ga ta tashi ta yi 'yan daƙiƙu ta mutu, can za a fara dubawa, da shi da siwicin mai. Na ga wanda ya kwance famfo gaba ɗaya a kan wannan, alhali waya ɗaya ce ɓera ya ci.

Turbo kuwa ban goyi baya ba. Da Toyota ta so yin mai turbo a 1985, sai da ta sake fasalin injin ta fitar da 12H-T, saboda ta san zafin da zai ƙaru. Mu da a watan Afrilu zafi ke wuce digiri 40, me za mu ƙara wa tsohon inji? Kuɗin nan ka zuba shi a lagireto. Ni a shekarar farko na yi sakaci, wanke shi kawai na sa aka yi. Muna hawan tudu bayan Poli da buhu goma na masara, allura ta haye ja, tururi ya turnuƙe, gasket ya ƙone. Kwana uku muka yi a wani ƙauye muna jiran a kawo kaya daga Garwa, mutanen garin suna kawo mana tuwo safe da yamma, Allah ya saka musu. Ka sa sabon lagireto, sabon famfon ruwa, sababbin tiyo duka, da fanbel, ka ajiye tsofaffin a bayan kujera.

Sai ƙafar gaba. Ka leƙa bayan taya, za ka ga wani ƙarfe mai kamar ƙwarya. In ya yi baƙi da maiƙo yana ɗiga, robar ciki ta mutu, man aksil ya gauraya da giris. A kwance shi duka, a sa sababbin roba da boris. Tiyon birki ma a canza ko da ido ya ga kamar lafiya lau suke, roba ce mai shekara kusan arba'in.

Manyan tayoyi masu faɗi suna da kyan gani a gari. Amma suna cinye ƙarfin injin, suna wahalar da kuloci da boris, kuma ranar da ƙaya ko kututture ya yage maka ɗaya a hanyar Rai Buba, ba za ka samu irinta ba sai ka dawo birni. 7.50R16 kuwa ko wane mai faci ya san ta, kuma siririya ce, tana yanka laka ta taɓa ƙasa mai ƙarfi. Ɗagawa ma, in ka sa sababbin sifirin da shokozoba masu kyau, za ka ga ta miƙe da kanta, domin tsofaffin sun riga sun kwanta. In ka wuce haka, nauyi ya koma sama, a gangaren dutse irin na Rumsiki gabanka ne zai riƙa faɗuwa.

Abin da na yarda a ƙara shi ne bututun shan iska da ke hawa gefen gilashi, saboda ƙurar hunturu ma kaɗai ta isa dalili. Sai kuma ƴan tiyo da za a ja daga mashaƙar aksil zuwa sama. Aksil mai zafi in ya shiga ruwan mayo, wato rafi, zuƙar ruwa yake yi, ka buɗe ka tarar man ya koma kamar kunun gyaɗa. Ka tanadi taya biyu na safaya, famfon iska, shebur, igiya mai ƙarfi, da katakon da jak zai zauna a kai.

A yashi ka rage iskar taya zuwa wajen bar 1.5 a ma'auni, amma in akwai tub a ciki kada ka yi ƙasa da haka sosai, bakin tub ɗin yana iya tsinkewa. Ka kulle hob ɗin gaba, wato makullin da ke sa tayoyin gaba su ja, tun kana kan tudu, kafin ka shiga yashi ko laka. Ƙasar karal, wato laka mai danƙo da ake dasa dawar rani ta muskuwari a cikinta, in ta sha ruwan Agusta, ba ta jin tsoron kowace katkat, wato mota mai ja da ƙafa huɗu, zagayawa ake yi. Mayo kuma in ya kawo, ka kashe mota ka zauna, sau da yawa kafin la'asar ya janye.

Ka turo hoton shasin da lambar da ke jikin injin, in gani kafin ka kira bakanike.