Sati bakwai da gama gashin kansar mama jikina a mace: wai wutar injin ce ta zauna?

Tambaya:

Assalamu alaikum likita. Shekaruna 46, ina zaune a unguwar Zariya, nan Maraɗi. An yi mini aikin kansar mama ta hagu, an cire har da kaluluwar hammata, na yi shimiyo, wato maganin kansa da ake sakawa ta jijiya, sannan na je Yamai aka yi mini gashi, wato haska wurin da inji, sau 25. Yau sati bakwai da gamawa, amma jikina a mace yake. Ni da nake wanki in yi girki in tafi kasuwa, yanzu in na yi wanka sai na zauna bakin gado na huta kafin in sa kaya. Ina shan tamoksifen, ƙwayar hana cutar dawowa, kullum. Da dare zafi yakan taso mini daga ƙirji har fuska, in jiƙe da zufa. Uwar mijina ta ce wutar injin ce ta zauna a jikina tana cin jinina. Ta hana ni ɗaukar jikata, an ware mini kwano. Sun kawo wani mai magani, ya ce a ba shi kuɗi jika 15 ya haɗa jiƙon da zai wanke wutar, a yi mini ƙaho a kafaɗa, in ajiye ƙwayar asibiti har a gama. Ni kuwa abin da ke hana ni barci shi ne, ko cutar ce ta dawo?

Amsa:

Wa'alaikumus salam Hajiya. Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi.

Gajiya ita kaɗai, sati bakwai bayan gashi, ba alamar dawowar cuta ba ce. Haka gashi yake tafiya. Satin farko mace ba ta jin komai, har ta ce ashe abin ba wuya. Daga sati na uku jiki ya fara nauyi, ya tsananta wajen ƙarshe da sati ɗaya ko biyu bayan an gama, sannan ya riƙa saki a hankali. Wata cikin wata guda ta warware, wata sai wata uku. Wadda ta sha shimiyo kafin gashi, kamar ke, tana iya kai wata shida ko fiye tana jan jiki. Ki dubi abin da jikin nan ya gani: wuƙa, shimiyo, sannan sati biyar Litinin zuwa Juma'a kina hawa gadon injin, kina kwana gidan mutane, ga hanyar Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, kilomita sama da 600. Tun da aka fara gashi a cibiyar kansa ta Yamai a 2021 an rage wahalar fita waje, amma ga mutumin Maraɗi har yanzu tafiya ce ba ƙarama ba.

Duk da haka ba na son a ɗora wa gashi komai. Cikin satin nan ki je a yi miki awon jini. In emoglobin, wato ma'aunin ƙarfin jini, ya yi ƙasa da 12, akwai ƙarancin jini, kuma yana da magani. A duba masassara da suga. In gashin ya kai gindin wuya, ki tuna wa likitanki awon tiroyid, wata halitta a gaban wuya mai daidaita kuzarin jiki, ko da yake matsalarta takan ɗauki watanni kafin ta nuna. Abubuwan da ba a jira musu ranar randebu kuwa su ne busasshen tari da haki ko zazzaɓi, ciwon ƙashi a wuri guda da ba ya sakinki ko da dare, sabon ƙullutu, idanu su yi rawaya, ciwon kai mai tsanani da amai, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi. Ba ki ambaci ko ɗaya ba.

Yanzu maganar wuta. Wallahi na gaji da ita. Da wuya sati ya wuce ban zauna da wata ina warware mata wannan zance ba, wani lokaci bayan an riga an yi ɓarna.

Babu wutar da ta zauna a jikinki. Ko ɗigo babu. Ki haska tocila a tafin hannunki cikin duhu, ki kashe, ki duba ko akwai sauran haske a hannun. Haka hasken injin yake: ya ratsa, ya yi aikinsa cikin 'yan mintoci, an rufe, ya ƙare. Ke da kanki shaida ce. Kullum da an gama, ba ma'aikaciya ce ke buɗe ƙofa ta shigo ta kama hannunki ta sauko da ke ba? Haka take yi wa mace bayan mace tun safe har la'asar, ta koma gida ta ba ɗanta nono. In da ana fitowa da wuta a jiki, da ita ce za ta fara ƙonewa, ba jikarki ba. Akwai wani magani daban, na tiroyid, wanda ake haɗiya, shi ne ake cewa mutum ya ɗan nisanci yara na 'yan kwanaki. Ba shi aka yi miki ba.

Ina ganin sunan da muka ba abin ma ya taimaka wajen ruɗin. Mun ce gashi, mutane suka ji kamar tsire a bakin garwashi. Suka ga fatar wurin ta yi baƙi tana saɓulewa, suka ce ga shaida. Fatar nan tana warkewa ne, kuma duhun yana washewa da watanni. Zafin dare da kike ji, wanda na tabbata shi ne babbar hujjar uwar mijinki, aikin tamoksifen ne, haɗe da ɗaukewar al'ada da shimiyo kan jawo wa mace mai shekarunki. Ki tambayi duk wata dattijuwa da al'adarta ta tsaya, wadda ba ta taɓa ganin ƙofar ɗakin gashi ba, za ta ba ki labarin wannan zufa.

To tunda babu wuta, me jiƙon zai wanke? Abin da irin wannan jiƙo ya saba yi shi ne ya sa zawo, a nuna miki a ce ga dattin yana fita. Ruwan jikinki ne ke fita, Hajiya, a garin da zafi ke haura 40 a watan Afrilu. Ki tashi kin fi da galabaita, ya ce alamar magani na aiki ke nan, a ƙaro kuɗi. Hantarki da ƙodarki kuwa wataƙila ba su gama farfaɗowa daga shimiyo ba, ga shi ba wanda ya san abin da ke cikin galan ɗin, har shi mai haɗawar bai san adadinsa ba.

Ƙahon ya fi tayar mini da hankali. Na san za a ce sunna ne, ban musa ba, kuma ba ni da faɗa da wanzamai. Amma kafaɗar da aka cire kaluluwa a ƙarƙashinta ba kamar sauran kafaɗu ba ce. Magudanar ruwan wannan hannu ta ragu, fatar da aka gasa kuma ba ta saurin haɗewa. Tsaga ɗaya ta isa ƙwayar cuta ta shiga. Na taɓa karɓar wata daga wani ƙauye, an jera mata ƙaho huɗu a bayan kafaɗar da aka yi wa aiki. Ta zo da zazzaɓi, hannun ya yi ja ya yi sulɓi, awarwaronta ya nutse cikin tsoka sai da aka yanke shi. Zazzaɓin mun kashe shi da allurai, kumburin kuwa bai koma daidai ba, har hannun rigunanta sai da tela ya buɗe. Garin neman gira aka rasa ido. Sannan a yi tunani mana: macen da ake cewa jininta ya ƙare, ita za a zuƙe wa jini? Ban ma kawo maganar askar da ta taɓa jikin wani ba, da ciwon hantar da take iya ɗaukowa.

Mafi muni duka shi ne cewar ki ajiye tamoksifen. Ƙwayar nan ta miligiram 20 ita ce ke tare hanyar sinadarin mata da ragowar ƙwayoyin kansa ke rayuwa da shi, shi ya sa ake shan ta shekara 5 aƙalla. Ke da tsoron dawowar cuta ya hana barci, mai gadin ƙofar aka ce ki sallama. Ranar da cutar ta dawo, mai jiƙo ba zai biya miki ko kuɗin mota zuwa Yamai ba, cewa zai yi an zo masa a makare. In zufar dare ta dame ki ƙwarai, likitan da ya rubuta miki ita za ki gaya wa, akwai abin da ake yi. Kada kuma wani ya kawo miki dekisa daga 'yan tebur, wadda mata ke sha don ƙiba. Kwana biyu za ki ji ƙarfi, daga baya fuska ta kumbura, suga ya hau, cinyoyi su mutu.

Abin da ya fi kowane magani aiki a kan wannan gajiya, mutane ba sa son ji, domin ba a sayar da shi: tafiya. Kwanciya wuni guda ƙara kashe jiki take, ga mai shan tamoksifen kuma tana ƙara haɗarin daskarewar jini a ƙafa. Bayan sallar asuba, kafin rana ta yi zafi, ki sa hijabinki ki taka minti 10, ko da kewaya tsakar gida ne. Duk bayan 'yan kwanaki ki ƙara minti biyu ko uku, har ki kai rabin awa, kwana biyar a sati. Ranar da kika ji daɗin jiki kada ki ce yau za ki biya bashin wanki, kwana biyu za ki yi a kwance. Barcin rana kada ya wuce awa guda. Ki ci wake, ƙwai, ƙuli-ƙuli, hanta, zogale, fura da nono mai kyau, kaɗan-kaɗan sau da yawa, ki sha ruwa sosai. Shayi kuma a jinkirta shi bayan abinci, yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe. Ƙarin ruwa ta jijiya a gida don gajiya asarar kuɗi ne.

Shi kuma maigida, ina fata za a karanta masa wannan. Malam, matar da ta yi maka girki shekara da shekaru, ta dawo daga wannan jarrabawa, a gidanka aka ware mata kwano kana kallo? Rabin nauyin da take ji a jiki, na zuciya ne. Inna ba mugunta take yi ba, tsoro ne, kuma kai ne za ka iya zama da ita cikin ladabi ka fahimtar da ita, ba surukarta ba. Jika 15 ɗin nan a kai su wajen awo da cefane. A samo yarinyar da za ta riƙa ɗebo ruwa da wanki na wata biyu.

Hajiya, ki ɗauki jikarki yau ɗin nan, ki rungume ta, ku ci a kwano guda. In goyo ne, a bari sai fatar ƙirjin ta gama warkewa saboda ɗaurin zane. In Inna ba ta gamsu ba, ki taho da ita ranar randebunki, ki riƙo karnenki na asibiti da takardar da aka ba ki a Yamai, a yi bayanin a gabanta.