Manhajar ces ɗina na tafiyar hawainiya, ko in sake kwamfuta?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Tudun Wada, Kaduna. Na rubuta manhajar wasan ces da Python. In na sa ta hango motsi uku gaba, lafiya lau. Da na kai huɗu sai ta yi ta tunani har in je wurin mai shayi in dawo. Abokina ya ce kwamfutata ce ta tsufa. In sake wata?

Amsa: Ƙanena, riƙe kuɗinka tukuna. A tsakiyar wasa ɗan wasa na da zaɓi wajen 35 a kowane motsi. Hango huɗu gaba ke nan yanayi kusan miliyan ɗaya da rabi, na biyar kuma ya ninka wannan sau 35. Kwamfutar Deep Blue da ta doke zakaran ces na duniya Kasparov a 1997 tana duba yanayi miliyan 200 a daƙiƙa, amma ita ma ba kowane reshe, wato jerin motsi, take bi ba.

Ka taɓa sayen shadda a Kasuwar Barci? In shagon farko ya yi maka farashi mai kyau, duk wanda ya buɗe baki da abin da ya fi haka sai ka wuce, ba ka tsaya ciniki ba. In kuwa da mai tsada ka fara, kowane shago sai ka zauna. Haka dabarar alfa-beta take: manhaja na yanke duk reshen da ta ga ba zai fi wanda ta riga ta samu ba. Masana kwamfuta Knuth da Moore sun nuna a 1975 cewa in motsi mafi kyau ake fara gwadawa koyaushe, miliyan ɗaya da rabin nan na iya komawa ƙasa da 2,500. Ina zargin taka tana gwada motsi ne yadda suka fito daga allo, daga kusurwa zuwa kusurwa.

To, jera su. Fara da cin kaya, babba da ƙarami: soja ya ci sarauniya kafin sarauniya ta ci soja. Sai motsin da ya taɓa yanke reshe a wannan zurfin. Ka riƙa bincike zurfi ɗaya, biyu, uku, kana fara gwada motsin da ya fi kyau a zagayen baya. Kamar ɓata lokaci ne, amma ya fi sauri.

Kafin duk wannan, ƙirga yanayin da manhajar ke fitarwa a kowane zurfi daga farkon wasa: 20, 400, 8,902, sai 197,281 a zurfi na huɗu. In lissafinka ya saɓa, akwai kuskure a dokokin. Gyara shi tukun, ka sake rubuto mini.