'Yanci, Haƙƙi da Alhaki: Amsoshin Tambayoyin Masu Karatu

Tambaya daga wani malamin makaranta a Zariya: A rediyo wasu na cewa "'yancin ɗan Adam", wasu kuma "haƙƙin ɗan Adam". Wanne ne daidai?

Malam, duka biyun Hausa ne, amma ba abu ɗaya suke nufi ba, kuma asalinsu ma ya bambanta.

'Yanci kalmarmu ce ta gida. Tushenta ɗa ko ɗiya. A tsohuwar Hausa, ɗa ba wanda aka haifa kaɗai yake nufi ba, yana nufin wanda ba bawa ba. Ɗiya ce ta taƙaice ta koma 'ya, shi ya sa a karin harshen Sakkwato za ka ji ɗiyauci inda Bakano zai ce 'yanci. Daga nan aka sami 'yanta bawa, da 'yantacce. Harafin farko ma labarinsa ke nan: sautin da muke rubutawa 'y a Nijeriya, a Nijar ana rubuta shi ƴ. To 'yanci matsayi ne, kishiyar bauta: ba wanda ya mallake ka, ba igiya a wuyanka. Shi ya sa ya dace da 'yancin kai na 1960, da 'yancin faɗin albarkacin baki, da 'yancin walwala.

Haƙƙi kuwa aro ne daga Larabci, kuma bashi ne. Duk inda aka ce haƙƙi akwai mai bi, akwai wanda ake bi. Haƙƙin lebura yana wuyan wanda ya sa shi aiki, haƙƙin maƙwabci yana wuyan maƙwabcinsa, haƙƙin maraya yana wuyan mai riƙonsa. Dubi aikatau ɗin da ke tafiya da kowacce: 'yanci ana samunsa, ana ba da shi, ana tauye shi, haƙƙi kuwa ana biyansa, ana sauke shi, ana danne shi, ana cinye shi, ana ƙwato shi.

Sanarwar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a Faris ranar 10 ga Disamban 1948 tana da sassa 30, kuma ta ƙunshi iri biyun. Hana bautarwa da damar yin addini 'yanci ne. Samun ilimi da yi wa mutum shari'ar adalci haƙƙi ne, domin sai wani ya tashi ya gina makaranta, ya naɗa alƙali. Idan za a yi wa dukansu suna guda, ni haƙƙin ɗan Adam na zaɓa. Dalilina shi ne wanda ya ji 'yanci yakan ɗauka kyauta ce da mai mulki ke yi in ya ga dama, amma wanda ya ji haƙƙi nan take zai tambaya: a wuyan wa yake?

Wata ɗaliba daga Maraɗi: Alhaki da haƙƙi kalma ɗaya ce?

Uwa ɗaya uba ɗaya, amma kowanne da aikinsa. Alhaki ya shigo Hausa da "al" ɗinsa na Larabci manne a jiki, kamar alƙali da alkawari da albarka. Hausa ta raba musu aiki: haƙƙi abin da kake bi, alhaki nauyin da ya hau kanka, musamman bayan ka danne na wani. In mai gida ya hana ɗan aikinsa kuɗin wata, haƙƙin na yaron ne, alhakin na mai gidan. Shi ya sa ake cewa "ka ɗauki alhakinsa", ko "alhakin marayu ya kama shi".

Karin maganar da ta fi fito da wannan ita ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Kwikwiyo ba ya ɓata hanya, ko ka kore shi yana biye da kai har gida. Malaman addini sukan raba haƙƙin Allah da haƙƙin bayinSa, su ce na biyun ba ya sauka da tuba kaɗai, sai an mayar wa mai abu abinsa ko ya yafe. Wannan fahimta ce ta sa Bahaushe ke neman yafiya kafin ya tafi aikin Hajji.

Wani daga Kumasi: Mene ne murgu? Kakata takan ce "kamar mai biyan murgu".

Kuɗin da bawa ke biyan ubangijinsa a kai a kai, don a bar shi ya yi sana'ar kansa. Abin da ya rage masa yana iya tarawa ya yi fansa, wato ya sayi kansa. Wanda aka haifa cikin bauta shi ne bacucane. A Arewacin Nijeriya Turawan mulki sun yi shelar cewa yaran da aka haifa daga Afrilun 1901 'ya'ya ne, wato ba bayi ba, amma sai 1936 aka soke bauta ɗungurungum a doka. Nijar ta mayar da bautarwa laifin da ake hukuntawa a 2003, sannan a 2008 kotun ECOWAS ta same ta da laifin gaza kare Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana yarinya. Kakarka tana nufin wanda ke wahala wani na kwashe amfanin.

Wata uwa daga Gusau: An kama ƙanena saboda an nemi wansa ba a samu ba. Dattawa suka ce mu yi haƙuri, faɗan da ya fi ƙarfinka mai da shi wasa. Haka maganar take nufi?

Hajiya, Allah Ya kawo mafita. Karin maganar gaskiya ce, amma an ɗora ta inda ba wurinta ba. Dabara take koyarwa: kada ka tunkari mai ƙarfi da ƙarfi, ka nemi wata hanya. Ba ta ce ka bar haƙƙinka ba. Kuma harshen da ya yi ta shi ya ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, wato laifi na mai shi ne, ba ya tsallakawa kan ɗan'uwa.

Doka ma haka ta ce. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, a sashe na 7, ta hana kama wani a madadin wanda ake zargi, kuma Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta maimaita hanin. Babi na 4 na Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 shi ya tattara haƙƙoƙin nan, daga sashe na 33 zuwa na 46. Sashe na 35 ya ce a sanar da wanda aka kama dalilin kamunsa a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji, a kuma kai shi gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu ko abin da kotu ta ga ya dace. Wannan wa'adi bai shafi wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne ba. Duk wanda aka kama yana da damar yin shiru har ya gana da lauya. Beli a ofishin 'yan sanda ba a biyan kuɗi a kansa.

Inda mutane ke yin asara shi ne rashin rubuta komai. Ku rubuta ranar kamu da lokacin, da sunan ofishin, da wanda ya shaida. Kada ƙanenki ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa da harshen da yake ji ba. Sashe na 46 ya ba ku damar kai ƙara Babbar Kotu. In babu kuɗin lauya, akwai Hukumar Ba da Tallafin Shari'a, akwai kuma Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da aka kafa a 1995, kuma kai mata koke kyauta ne.

Wani matashi daga Kano: Ɓarawo yana da mutunci? Ai mun ce marar mutunci ne.

A nan sai an yi hankali, domin mutunci fuska biyu gare shi. Daga mutum aka gina kalmar, da ɗafin -ci, kamar yadda aka gina zumunci da shugabanci. Idan Bahaushe ya ce wane ba shi da mutunci, halinsa yake nufi: ba ya ganin girman mutane, ba ya kara. Wannan mutuncin ana samunsa da hali, ana zubar da shi da hali, shi ake nufi da mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa.

Amma a "cin mutunci" akwai ma'ana ta biyu, wato darajar da mutum ke da ita don kawai shi mutum ne. Ita ce Alƙur'ani ya ambata a Suratul Isra'i, aya ta 70, cewa an karrama 'ya'yan Adam, ba a ware kowa ba. Ita ce kuma sashe na 34 na Kundin Tsarin Mulki ya kare inda ya hana azabtarwa da wulaƙanci da bautarwa, kuma Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 ta mayar da azabtar da wanda ake tsare da shi laifi, ko da don a sa shi ya amsa laifinsa ne. Sata tana zubar da mutunci na farko, ba ta taɓa na biyu.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda ihun "ɓarawo!" sau ɗaya a kasuwa ke isa a rufar wa mutum da duka, wani lokaci har a hallaka shi, alhali mu ne muke cewa zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Sashe na 36(5) ya ce duk wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne sai an tabbatar a gaban kotu. Wanda ya kama ɓarawo da hannunsa doka ta yarda ya riƙe shi, amma ta wajabta masa miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da ɓata lokaci ba, kuma duk wanda ya sa hannu a dukan da ya kai ga mutuwa ana iya tuhumarsa da kisan kai.