Tarwada na mutuwa da gyambo, kafso ya ƙi aiki

Tambaya: Likita, ina kiwon tarwada a Yauri, tanki uku. Tun shigowar bazara kullum safe sai na kwashe matattu, jikinsu da jan gyambo, wasu ciki a kumbure. Na yi ta fasa kafso ja da yalo a ruwan, amma ga shi abin ya tsallaka tanki na biyu. Jarina ke nan gaba ɗaya.

Amsa: Allah Ya tsayar haka nan, Malam. Alamun sun fi kama da Aeromonas hydrophila, sai dai gwaji ne zai tabbatar. Wannan ƙwayar cuta ba baƙuwa ba ce, da ma tana cikin ruwanka tana jiran kifi ya galabaita. Zafin Afrilu na rage iskar ruwa, kashi da ragowar abinci su ruɓe, ga cunkoso. Kifi ya kurje a bangon siminti ko ɗan'uwansa ya cije shi, ƙofa ta samu. Tarwada kuwa ba ta barin gawar 'yar'uwarta, wadda ta ci ta ɗauka. Yadda ta tsallaka tanki na biyu kuma, bincika ragarka da bokitinka.

Sai kafson nan da ya ishe ni. Wa ya ce maganin mutum ne na kifi? Mai kemis da bai taɓa leƙa tankinka ba ya ƙirgo maka, kai kuma ka barbaɗa ba awo. Tetracycline, wato maganin da ke cikin kafson nan ja da yalo, idan ya haɗu da ruwa mai yawan sinadarin kalsiyam ɗaurewa yake yi, ƙarfinsa ya ragu. Ɗan abin da ya saura ba ya kashe cutar, horar da ita yake yi, ranar da likita ya rubuta maganin gaskiya ta ƙi ji. Wasu har a abinci suke cakuɗawa, alhali kifin da ciwo ya ci ƙarfinsa ya daina ci. Sannan a kwashe shi a kai kasuwa ba a jira maganin ya fita ba, a yi wa yaran mutane farfesu da shi. Wannan haƙƙi ne, mu ji tsoron Allah.

Dakatar da abinci kwana biyu, ka riƙa sauya ruwa a hankali, ka rage cunkoso. Matattu a binne su, kada a jefa a magudana. Kowane tanki da ragarsa, a wanke a shanya a rana. Ka kai wa likitan dabbobi kifi mai ciwon da ransa, wanda ya kwana a mace ba ya gwajuwa.