Faya-fayan da ke cikin adakar Yaya

Ɗana, saƙonka ya same ni bayan sallar isha'i. Da na fara karantawa na yi murmushi, kafin in kai ƙarshe kuma jikina ya yi sanyi. Ka ce kun buɗe adakar mahaifinku bayan sadakar bakwai, kun tarar da faya-fayan garmaho na wani Bature, Jim Reeves, a naɗe cikin tsohon zane. Kana tambaya ko su ma suna shiga rabon gado, ko a sayar da su ta intanet tunda ka ji suna da daraja yanzu, kuma ko za a iya kunna ɗaya a ji alhali mahaifiyarku tana cikin takaba.

Wa ya ce ku buɗe adakar tun yanzu? A gidanmu ba a taɓa kayan mamaci sai an yi arba'in, manya sun zauna. Kakanka, Allah ya jiƙansa, yakan ce ko allura mamaci ya bari tana da masu ita. Ku kuwa kwana bakwai kacal, har kun fara tambayar farashi a waya.

Ba ka san mutumin nan ba, shi ya sa ka kira shi "wani Bature". Ɗan jihar Texas ne a Amurka, an haife shi a 1923. Ya fara da wasan ƙwallon gora irin nasu, rauni ya raba shi da wasan, ya koma mai gabatarwa a gidan rediyo, daga nan ya kama waƙar kantiri, wato waƙar mutanen karkararsu. Ba ya ɗaga murya. Yakan matso kusa da makirufo ya sauke ta ƙasa, kamar mutumin da ke yi maka magana da dare yana gudun kada ya tashi yara. Mu da Turancinmu bai wuce na aji huɗu ba, muna jin kalmominsa ɗaya bayan ɗaya. Wannan ne ya sa ya shiga ran mutanen ƙasar nan.

A 1964 ina hannun Yaya a Kakuri, Kaduna, ina makaranta, shi yana aiki a masaƙa. Gidan haya ne mai ɗakuna a jere, akwai Hausawa, da Tibi, da Yarbawa, da Ibo, yawancinsu ma'aikatan masaƙa. Garmaho ɗaya ne a gidan, na Yaya, mai batir, wata biyar yana adashi kafin ya saye shi. Ni ne mai goge faifai da auduga, kuma ba a yarda in taɓa allurar ba.

Ranar Juma'a 31 ga Yuli jirgin Jim Reeves ya faɗi kusa da Nashville. Ƙaramin jirgi ne, shi da kansa yake tuƙawa, tare da makaɗin fiyanonsa, Dean Manuel, suka shiga hadari mai ƙarfi. Sai ranar Lahadi aka gano inda suka faɗi a cikin kurmi. Shekararsa arba'in, saura kwana ashirin ya cika arba'in da ɗaya. Labarin ya iso mana ta bakin maƙwabcinmu Ibo, wanda ƙofarsa ke kallon tamu. Ya dawo daga aiki da jarida a hammata, ya tsaya a bakin ƙofa bai ce komai ba, ya miƙa wa Yaya.

Daren nan an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ba wanda ya gayyaci kowa, amma bayan isha'i mutanen gidan suka fara shigowa ɗakinmu da ɗai-ɗai, suna cire takalma a bakin ƙofa, har tabarma ta cika, wasu suka tsuguna jikin bango. Maƙwabcin nan ya je ya ɗauko nasa faifan guda ɗaya, wanda yake da shi duk da ba shi da abin kunnawa. Ƙarar ruwa a kan kwano ta so ta danne waƙar, sai kowa ya sunkuyo kusa da garmahon. In faifai ya ƙare Yaya ya juya shi, babu mai magana. Wani dattijo mai gadi da bai jin Turanci ko kaɗan ya tambaya me mutumin yake cewa, aka ce masa ya mutu ne shekaran jiya. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Mutuwa rigar kowa. Amma wannan ba a bar shi ya tsufa ba." Muna nan har batir ya raunana, muryar ta fara ja tana yin ƙasa, Yaya ya ɗage allurar.

Haka muke jin waƙa a da, a taru, a natsu. Yanzu na je zaman makokin Yaya na ga samari kowa ya toshe kunnensa da waya, ana addu'a suna latse-latse. Abin ya yi mini ciwo.

Bayan rasuwarsa matarsa Mary ta ci gaba da fitar da waƙoƙin da ya bari, har ɗaya ta hau matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin da aka fi saye a Ingila a 1966. Shekarar nan ce kuma ƙasa ta rikice. Maƙwabcinmu ya tafi Gabas cikin gaggawa, da asuba, da ƙunshi ɗaya a hannu. Kafin ya fita ya ƙwanƙwasa mana ƙofa, ya ba Yaya faifan nan ya ce a ajiye masa sai ya dawo. Yaƙi ya ƙare a 1970, wasu sun dawo Kakuri, Yaya ya yi ta cigiya a cikinsu. Duk ƙaurar da ya yi daga baya, adakar nan ita ce kan gaba a mota. Na taɓa ce masa ya haƙura, sai ya maimaita mini maganar kakanka, cewa amana ba ta zama taka don mai ita ya daɗe.

Ka duba bayan kwalayen ɗaya bayan ɗaya. Akwai wanda aka rubuta suna a kai da shuɗin alƙalami, ba rubutun mahaifinka ba ne. Ka ware shi gefe, kada ya shiga lissafin kowa. Sauran ka mayar cikin zanen yadda ka same su, a tsaye, nesa da rana, don zafi yana lanƙwasa su.

Maganar kunnawa kuwa, ka bar mahaifiyarka ta ji da abin da ke gabanta tukuna. Ita ta san waƙar da Yaya yake sawa a farkon aurensu, ni ma na sani. Zan zo bayan Juma'a in Allah ya kai mu. Ka gaishe ta, ka ce Baffa na ƙara yi mata gaisuwa.