Tambaya da Amsa: Akwai dokar da ta hana gina gida mai zafi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na samu fili a Karkada, ina son in sa harsashi bayan damina. Ƙanena da ke karatu a Faransa ya ce can ba a ba mutum izinin gini sai an lissafa wutar da gidan zai ci. Mu ma akwai wannan doka, ko dai zancen Turai ne?
Wani malamin makaranta, Damagaram

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa a gama lafiya. Ƙanenka gaskiya ya faɗa, sabuwar dokarsu mai suna RE2020 ta fara aiki a Janairun 2022. Mu ma ba a bar mu a baya ba, a takarda dai. A 2020 UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da kuɗin sefa, wadda Nijar ke ciki, ta fitar da umarni kan tsimin makamashi a gine-gine, aka ce kowace ƙasa ta shigar da shi cikin dokokinta. Najeriya ta fitar da nata ƙa'idojin tun 2017. Sai dai shekarun da na yi ina bin magina, ban taɓa ganin an mayar wa mai ɗaki uku takardunsa don rufinsa na zafi ba. Kai ne za ka zama ɗan sandan gidanka.

Watan Afrilun bara aka kira ni wani sabon gida: bulon siminti, kwano ba silin, ga wata ƙatuwar taga ta gilashi tana kallon yamma. Bayan sallar isha'i na dafa bangon falon, sai ka ce murhun da aka sauke tukunya yanzu. Maigidan da iyalinsa duk suna tsakar gida a kan tabarmi. Na tuna soron kakata a Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, mai kaurin bango kusan kamu guda da rufin azara, inda ake ƙailula da tsakar rana ba ko fanka. Ƙasa mai kauri ba ta barin zafi ya ratsa da wuri, shi ke nan sirrin.

Don haka fara da rufi, nan rana ta fi duka. Sa silin, ka bar tazara tsakaninsa da kwano, da ƙananan kafofi don iska mai zafi ta fice. Doguwar fuskar gidan ta kalli kudu da arewa, tagogin yamma su zama ƙanana, a yi musu baranda. Farin fenti a waje, ka dasa dogon yaro tun yau, ya riga ginin girma.

In kana jin kunyar a ce malami ya yi gidan ƙasa (na san halinmu), nemi bulon ƙasa da ake matsewa da inji a sa ɗan siminti. Da shi aka gina gidajen Niamey 2000 a Yamai, masu bene ma. Amma ƙasa ba ta shiri da ruwa: ruwan saman daminar 2024 ne ya rushe tsohon masallacin Birni. Harsashi ya zama na dutse da siminti, indararo kuma ya yi tsawo.

Kada magini ya ce maka ai na'urar sanyaya ɗaki za ta gyara. Ka tuna Agustan 2023 da aka yanke wutar da ke zuwa mana daga Najeriya, na'urorin nan ado suka koma. In ka samu zanen gidan, aiko mini in duba inda aka sa tagogi kafin a haƙa rami.