Ga ɗan'uwan da jagoran wasansu ya ɗaure musu hannu

Ɗan'uwa, ka ce jagoranku ba ya barin ku yi komai sai abin da ya riga ya tsara, kana tambaya ko ka haƙura ko ka bar musu wasan. Wallahi ina karantawa raina ya sake ɓaci, don na sha irin wannan a nan Garwa.

Namu Dungeons & Dragons yake ja mana, bugu na biyar na 2014, wasan nan da jagora ke ba da labari, kowane ɗan wasa yana riƙe da mutum guda a cikin labarin, ana jefa dayis don a ga ko abin da ya yi niyya zai yiwu. Ya iya ba da labari, ba zan tauye masa wannan ba. Amma labarinsa jirgin ƙasan Ngaundere zuwa Yawunde ne, kai dai shiga ka zauna. Ina da wani maharbi a cikin wasan da na daɗe ina raino, har sunan kakarsa na rubuta a bayan takardarsa. Ran nan sarkin cikin labarin ya ce mu je mu ƙone wani ƙauye. Na ce maharbina ba zai yi ba, zai sulale da dare ya gargaɗi mutanen. Na jefa dayis a kan tabarma, 20 ta fito, wadda babu sama da ita, kowa ya gani. Jagoran nan ya leƙa bayan kwalin da yake kare takardunsa da shi, ya ɗago ya ce kibiya ta same ni a wuya, na mutu. Ko jifar neman tsira, wadda ake yi in mutuminka yana bakin mutuwa, bai bari na yi ba, alhali doka ta ce sai jifar ta ƙi ka sau 3 kafin ka mutu. Ya ci gaba da kurɓar shayinsa. Abin da ya fi ci min rai, duk cikin abokan nan ba wanda ya ce uffan.

Don Allah kada ka tare shi a gaban mutane, zai ga ka ci masa fuska. Same shi shi kaɗai. Wani ba mugunta ba ce, tsoro yake ji ku kauce hanya ya rasa abin faɗa. Namu kam son iko ne kawai. Ka ce masa ya shirya mutanen labarin da abin da kowannensu ke nema, ƙarshen kuma ya bar muku. Ku yi zama guda babu dayis, kowa ya faɗi irin wasan da yake so. Kuma jifar da rai ya rataya a kanta, a yi ta a fili.

In ya ƙi, ja wasan da kanka mana. Dokokin farko kyauta suke a intanet, dayis ma akwai na waya tunda samunsu a kasuwa sai an sha wuya. Mu yanzu ran Asabar bayan la'asar muke zama, in kana kusa ka yi min magana.